Jira a matsayin ma'aunin aikin tawaga: abin da take gani da abin da ke ɓoye mata

Duk wanda ya taɓa jagorantar tawagar masu haɗa manhajar kwamfuta ya san tambayar da ta fi kowace yawan fitowa daga bakin mai kuɗin aikin, wato yaushe za a gama, kuma ya san cewa amsar da aka bayar da ka ba ta cika kwana biyu ba ta ƙaryata kanta ba. Manhajar Jira tana cikin kayan aikin da aka fi dogara da su a duniya wajen neman amsar da ta fi ta baki ƙarfi. Kamfanin Atlassian na birnin Sidni a ƙasar Ostareliya ne ya fitar da ita a 2002, shekarar da Mike Cannon-Brookes da Scott Farquhar suka kafa kamfanin, kuma da farko rajista ce kawai ta kurakuran manhaja, inda ake rubuta matsala a bi sawunta har a gyara. Sai a 2009, lokacin da kamfanin ya sayi wani ƙari, wato ƙaramar manhajar da ake liƙa wa Jira, mai suna GreenHopper, allon katuna da jadawalan auna aiki suka zama nata na gida. Waɗannan jadawalai su ne abin da nake son dubawa a nan, domin su ne dalilin da yawancin manajoji ke ba wa kansu idan suka amince su biya kuɗinta.

Tsarin aikin da aka gina jadawalan dominsa shi ne wanda ake kira ajayil, wato tafiyar da aiki gutsure-gutsure ana gyara hanya ana tafiya, maimakon zana komai tun farko a tsaya kai da fata a kansa. Mutum 17 ne suka hadu a wurin shaƙatawa na Snowbird a jihar Yuta ta Amurka a watan Fabrairun 2001 suka fitar da sanarwar da ta ba tsarin wannan suna, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idoji 12 da suka biyo bayanta tana cewa manhaja mai aiki ita ce babban ma'aunin ci gaba. Ya kamata mai saye ya riƙe wannan ƙa'ida a ransa tun kafin ya buɗe Jira, saboda Jira ba ta ganin manhaja mai aiki. Abin da take gani shi ne kati, wato wurin da ake rubuta kowane gutsuren aiki, da ranar da aka buɗe shi, da sa'ar da aka ja shi daga wannan ginshiƙi na allo zuwa wancan, da lambar da wani ya rubuta a jikinsa. Kusan duk wani zane mai launi da za ta nuna daga waɗannan abubuwa huɗu aka ƙera shi.

Daga nan ne ma abu na farko da ya kamata a lura da shi ya fito. A wurin rahotannin allo, aiki ya kammala ne idan katinsa ya shiga ginshiƙin ƙarshe na hannun dama, ko da me aka rubuta a saman ginshiƙin. Idan tawaga ta sa ginshiƙin ƙarshe ya zama wurin da mai rubuta manhaja yake ajiye aikin da ya gama nasa ɓangaren, alhali ba a gwada ba kuma ba a kai ga hannun masu amfani ba, to jadawalai za su yi ta nuna nasara zango bayan zango, ga kuma kaya jibge a bakin ƙofa babu wanda ya karɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan ba aibu ba ne a lissafin manhajar, ƙa'ida ce mai sauƙi da aka bayyana a takardun jagorarta, sai dai tana nufin cewa rabin ingancin awon yana hannun wanda ya tsara allon a ranar farko, wanda sau da yawa shi ne mafi ƙarancin sanin yadda aikin yake tafiya a zahiri.

Tawagar da ke bin tsarin Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a bainar jama'a a 1995, tana raba aikinta zuwa lokuta masu tsawo ɗaya waɗanda ba su wuce wata guda ba, galibi mako biyu. Masu sana'ar suna kiran kowane ɗaya sifirint, ni kuwa zan kira shi zango, don kuwa haka yake, ana ɗaukar kaya daidai ƙarfi a yi tafiya a sauke a duba lafiyar ayari. Jadawalin da aka fi sani a cikin zango shi ne na raguwar aiki, wanda ake kira bandawun. Layi mai ruwan toka yana gangarowa daga jimillar aikin da aka ɗauka zuwa sifili a ranar ƙarshe, layi ja kuma yana nuna ainihin abin da ya rage kowace rana. Karanta shi ba ya buƙatar horo, kuma amfaninsa na gaskiya yana cikin siffar jan layin. Idan ya miƙe sambal na kwana takwas sannan ya faɗo gaba ɗaya a rana ta tara, to ko dai gutsattsarin aikin sun yi girma da yawa, ko kuma mutane ba sa taɓa allon sai daren da za a yi taron bita. Idan kuwa ya yi tsalle sama a tsakiyar zango, to wani ya cuso sabon aiki bayan an riga an ɗaura kaya.

A nan ne nake ganin Jira ta cancanci yabo na musamman. Rahoton zango yana sa alamar tauraro a gaban duk katin da aka ƙara bayan an fara, yana kuma ware waɗanda aka cire da waɗanda ba a gama ba, kowanne da jerinsa. Wannan ƙaramar alama ta fi dogon bayani amfani a ɗakin taro, domin cusa aiki a tsakiyar tafiya yana cikin manyan dalilan da ke hana tawaga cika alkawari, kuma yawanci daga sama yake zuwa, daga wurin mutanen da ba a iya ce musu sun yi kuskure da fatar baki. Idan shugaban tawaga ya buɗe rahoton zangon da ya wuce ya nuna taurari bakwai a jere, magana ta ƙare ba tare da an zargi kowa ba, gani ya kori ji.

Jadawalin gudun tawaga, wanda ake kira belositi, shi ne wanda manajoji suka fi so, kuma shi ne wanda na fi jin tsoro. Kowane zango yana da sanduna biyu, mai ruwan toka tana nuna makin da aka ɗauka da farko, koriya kuma tana nuna makin da aka kammala. Makin nan ba awa ba ne kuma ba kwana ba ne, kimantawa ce ta nauyin aiki idan an kwatanta shi da ɗan'uwansa, kuma tawagogi da yawa suna amfani da jerin lambobin Fibonacci, wato 1, 2, 3, 5, 8, 13, don kada a ɓata lokaci ana gardamar ko abu shida ne ko bakwai. Amfanin jadawalin na halal ɗaya ne, shi ne hasashe. A ce tawaga ta kammala maki 28 da 34 da 31 a zango uku na baya, matsakaicinsu 31 ke nan, idan kuma maki 155 suka rage a rumbun ayyuka, ana iya cewa saura kamar zango biyar, wato mako goma idan zangon na mako biyu ne. Wannan lissafi Jira tana ba da kayan yinsa cikin sauƙi, tare da sharaɗin a san cewa makin da aka rubuta a kan ƙananan rassan kati ba ya shiga jimillar, na uwar katin kaɗai ake ƙirgawa, abin da kan rikita sababbin shiga.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗora jadawalin tawaga biyu gefe da gefe. Duk wanda ya saba awon hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lalle ne ya zama mudun waccan ba, kuma wanda ya ce manomin da ya auna mudu ɗari ya fi wanda ya auna tamanin ba tare da ya duba girman kwanon kowannensu ba, bai faɗi komai ba. Makin tawaga mudunta ne na kanta. Abin da wannan ta kira uku, waccan tana iya kiransa takwas, kuma dukansu suna da gaskiya. Mafi muni shi ne idan aka ce wa tawaga ana son gudunta ya ƙaru da kashi kaza cikin ɗari kafin ƙarshen shekara, domin mai awo da mai kaya mutum ɗaya ne, kuma hanya mafi sauƙi ta cika umarnin ita ce a rage girman mudun, aikin da jiya aka ba shi uku yau a ba shi biyar. Sandar koriya za ta yi tsawo, manaja zai yi murna, abin da ke isa hannun masu amfani kuwa yana nan yadda yake. Masanin tattalin arzikin Ingila Charles Goodhart ya bayyana irin wannan hali a 1975 game da manufofin kuɗi, cewa ma'auni yakan lalace da zarar an matsa masa don a sarrafa abu da shi. Ron Jeffries ma, ɗaya daga cikin mutum 17 na Snowbird, ya rubuta a 2019 cewa mai yiwuwa shi ne ya ƙirƙiro wannan maki, kuma idan haka ne yana nadama. Jagorar Scrum ta 2020 ba ta wajabta maki ko gudun tawaga ba ko kaɗan. Jira ba ta tilasta wa kowa wannan kuskure, kuma tana ba da damar a ƙirga yawan katuna maimakon maki, amma ta ajiye jadawalin a wurin da hannun kowa zai kai, mai tsabta da sauƙin kwafewa zuwa takardar rahoton wata, kuma a ganina wannan sauƙin yana cikin abin da ya sa aka fi cin zarafinsa.

An ce sunan manhajar an gutsuro shi ne daga Gojira, sunan wani dodo a harshen Japan, amma ga mai jin Hausa sunan ya faɗo daidai ta wata hanyar da masu kamfanin ba su nufa ba, domin abin da Jira ta fi iya aunawa da gaske shi ne jira. Yawancin kwanakin da aiki ke ɗauka daga farawa zuwa gamawa ba a kan teburin mai yinsa yake cinye su ba, yana zaune ne yana jiran wanda zai duba, ko wanda zai gwada, ko wanda zai sa hannu. Jadawalai biyu ne suke tona wannan, kuma su ne waɗanda aka fi wucewa ba a duba ba.

Na farko shi ne jadawalin kwararar aiki, inda kowane ginshiƙi na allo yake zama ɗamara mai launinta, an jera su bisa juna, kwanaki suna tafiya daga hagu zuwa dama. Kaurin ɗamara a kowace rana shi ne yawan katunan da ke zaune a wannan mataki. Idan aiki yana tafiya lafiya ɗamarun suna hawa tare da kauri kusan ɗaya, idan kuwa ta gwaji ta fara kumbura mako bayan mako alhali ta kammalawa ta kwanta, to an gano inda ruwa ya toshe, kuma ƙara masu rubuta manhaja a irin wannan hali ƙara ruwa ne a bayan madatsa. Akwai lissafi tabbatacce a ƙarƙashin wannan zane, wanda John Little ya tabbatar a 1961, cewa matsakaicin lokacin da abu ke yi a cikin layi daidai yake da yawan abin da ke cikin layin an raba shi da yawan abin da ke fita. A ce akwai katuna 24 a buɗe kuma tawaga tana gama 6 a mako, kowane kati zai yi kamar mako huɗu kafin ya fita. Idan aka rage na buɗe zuwa 12 ba tare da kowa ya ƙara ƙwazo ba, lokacin ya koma mako biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wannan shi ne tushen tsarin Kanban da aka aro daga masana'antar motoci ta Toyota, inda ake ƙayyade yawan aikin da za a riƙe a lokaci guda.

Jira tana ba da damar a sa wa kowane ginshiƙi iyaka, kuma idan aka wuce iyakar sai ginshiƙin ya yi ja. Iyakar abin da take yi ke nan. Ba ta hana a ja kati na shida zuwa ginshiƙin da aka ce biyar ne iyakarsa, kuma tawagar da ba ta da mai tsawatawa takan saba da jan launin har ya zama kamar fentin bango. Wanda ya sayi manhajar da tunanin za ta sarrafa masa aiki ya kamata ya fahimci wannan da kyau, domin abin da ya saya mai nuni ne, sarrafawar kuwa tana faruwa ne a taron safe na minti 15 da kuma taron waiwaye na ƙarshen zango, idan akwai wanda zai ce a dakatar da ɗaukar sabo har a sauke na hannu.

Na biyu shi ne jadawalin tsawon lokaci, wanda yake sa ɗigo ɗaya ga kowane katin da aka gama, tsayin ɗigon yana nuna kwanakin da ya ɗauka. Akwai layin matsakaici, da wani layi mai bin sauyin matsakaicin a hankali, da inuwa mai nuna yadda ɗigogin suka warwatsu. Idan inuwar siririya ce, tawagar abar dogaro ce ko da ba ta da sauri, idan kuwa mai faɗi ce, duk alkawarin da aka yi da sunanta caca ne. Ɗigon da ya yi nisa sama shi kaɗai shi ne ya fi cancantar a danna a karanta tarihinsa, don a nan ake samun aikin da ya yi wata guda yana jiran amsar wani ofis. Ƙorafina a kan wannan jadawali shi ne ya jingina da matsakaici, alhali abin da mai kuɗin aiki yake bukatar ji shi ne cewa kashi 85 cikin ɗari na ayyuka irin wannan suna fita cikin kwana kaza ko ƙasa da haka. Kati ɗaya da aka manta da shi wata uku a buɗe yana iya jan matsakaici ya ɓata hoton gaba ɗaya, haka ma katunan da aka buɗe aka rufe a minti ɗaya, sai an tace su da hannu. Masu son irin wancan hasashe na kashi cikin ɗari, ko lissafin yiwuwar ranar gamawa ta hanyar da ake kira Monte Carlo, sukan koma kasuwar ƙare-ƙare ta Atlassian su sayi wani abu kamar ActionableAgile, masu son haɗa rahotanni masu zurfi kuma su nemi eazyBI, kuma kowannensu kuɗi ne daban a kan na Jira.

Akwai ƙoƙarin da kamfanin ya yi na rage ratar da ke tsakanin kati da ainihin manhaja. Idan aka haɗa Jira da ma'ajiyar rubutun manhaja kamar Bitbucket ko GitHub ko GitLab da kuma na'urorin da ke fitar da sabon aiki ga jama'a, tana iya nuna sau nawa ake fitarwa a mako da kuma tsawon lokaci daga fara rubutu zuwa fitarwa. Waɗannan biyun suna cikin ma'aunai huɗu da ƙungiyar bincike ta DORA ta shahara da su, wadda Google ta saya a 2018, sauran biyun kuwa su ne yawan sauye-sauyen da ke jawo matsala da kuma lokacin da ake ɗauka kafin a farfaɗo. Fifikonsu a kan maki shi ne na'ura ce ke rubuta su, ba ra'ayin kowa ba ne, sai dai suna aiki ne kawai idan masu rubutu suna sa lambar kati a jikin kowane sauyi da suka yi. Ko da hakan, sanin ko abin da aka fitar ya amfani wani, ko an ma buɗe shi, ba ya cikin abin da za a samu a nan.

Harshen binciken Jira mai suna JQL yana da ƙarfi ƙwarai, kuma wanda ya ba shi kwana biyu zai iya tambayar abubuwa kamar katunan da suka yi kwana goma ba a taɓa su ba, ko waɗanda aka mayar baya daga gwaji, ya liƙa amsar a allon taƙaitawa. Tambayar farkon nan ita kaɗai, a ganina, ta fi jadawalin gudun tawaga amfani, saboda tana magana a kan aikin da har yanzu ana iya cetowa.

Game da kuɗi, akwai tsarin kyauta ga tawagar da ba ta wuce mutum 10 ba, da wurin ajiya na gigabayit 2, kuma manyan jadawalan da na ambata suna cikinsa. Daga nan sai biya a kan kowane mutum a kowane wata, da dalar Amurka, abin da ƙaramin kamfani mai samun kuɗinsa da naira ko sefa zai auna da kyau, domin kuɗin ƙare-ƙare ma bisa yawan mutane yake hawa. Tsara aikin tawagogi da yawa a wuri ɗaya yana matakin biya na sama mai suna Premium. Tun 15 ga Fabrairun 2024 kamfanin ya daina tallafa wa nau'in Server da ƙananan ma'aikatu ke girkawa a na'urarsu, saboda haka ƙaramar tawaga a yau intanet za ta dogara da shi, kuma shafukan suna da nauyi idan layin ba shi da ƙarfi. Ba a fassara fuskar manhajar zuwa Hausa ba.

Ina ba da shawararta ga tawagar da ta riga ta san matakan aikinta kuma take da ɗabi'ar motsa kati a lokacin da aikin ya motsa, ba ranar Juma'a da yamma ba. Tawagar mutum uku ko huɗu da ke son ganin wa ke yin me kawai, Trello, wadda Atlassian ɗin ta saya a 2017 kan dala miliyan 425, za ta ishe ta ba tare da wahalar saiti ba. Wanda ya zaɓi Jira kuwa, ya zaɓi nau'in aikin da kamfani ke sarrafawa, wanda Jira ke kira company-managed, idan yana son cikakken jerin rahotanni, ya tabbatar ginshiƙin ƙarshe yana nufin abin da ya isa hannun mai amfani, sannan ya shiga saitin kwanakin aiki na allo ya cire ranakun hutu, har da na ƙaramar Sallah da babba waɗanda sai an shigar da su da hannu kowace shekara, in ba haka ba layin toka zai ci gaba da gangarowa a ranakun da babu kowa a ofis, kuma jadawalin zai nuna tawagar ta makara alhali tana gidan yawon Sallah.